Mudun Armiya'u da Cajar Fauziyya

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Moriki a shekarun da aka ba Zamfara jiharta, da wuya a ce bai san hannun Armiya'u ba. Fuskarsa ana iya mantawa da ita, don ba wata fuska ce ta a zo a gani ba: ɗan siririn mutum ne mai gemu tsilli-tsilli da hular da ta sha rana. Hannun ne ba a mantawa. Idan ya tsoma mudu cikin gero sai ya cika shi har ya yi tsororuwa, ya juye, in an gama awo ya sa tafi ya ɗebo gyara ya zuba. Mai saye ya fara ɗaure bakin buhu, sai ya ce masa dakata, ya ƙara wani tafin.

Sana'ar gadonta ya yi wurin mahaifinsa, ya kuma gaji wata magana da tsohon ke yawan yi, wai abin da ke cikin mudu haƙƙin mai saye ne, abin da ke bisa mudu shi ne mutuncin mai awo. Armiya'u ya riƙe maganar nan ƙam, har ya zarce mai ita. A wurinsa, mutumin da zai auna maka abu daidai wa daida, ya shafe bakin mudu da yatsa, bai yi sata ba, amma ba wanda za a ba 'ya ba ne. Matarsa Yalwa ta yi mita har bakinta ya gaji. Takan ce gyaran da ya zubar a Moriki da an tara shi da ya cika rumbuna, shi kuwa ya ce ai ya cika, ita ce dai ke duban inda ba nan ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, sai 'yan kwamitin kasuwa suka fara zagaye da mudun gwaji, suna neman bugaggun mudaye, irin waɗanda ake dannan gindinsu ciki don su rage cin hatsi. Ranar an ga abin dariya, don mudaye da yawa sun yi ɓatan dabo ƙarƙashin buhuna. Da aka zo kan Armiya'u ya miƙa nasa ba gardama. Aka cika na gwaji aka juye a ciki, sai ga shi bai cika ba. Aka sake, bai cika ba. Da aka kifa shi aka duba, ashe shi ma bugagge ne, sai dai daga ciki aka buga shi, gindin ya turo waje kamar tumbi. 'Yan kwamiti suka tsaya suna kallon juna, don ba a ba su hukuncin irin wannan ba. Daga ƙarshe wani dattijo cikinsu ya ce wannan kam sai dai in matarsa ce za ta kai ƙara.

Ba hukuma ce ta raba shi da awo ba, ciwon baya ne. Wata rana ya sunkuya zai gyara wa buhu zama, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, daga nan ɗaukar nauyi ta ƙare. Ya sayar da abin da ya rage, ya kwashe iyali ya koma Ƙaura Namoda, ya kama gida a unguwar da ke bayan tashar jirgi. Ɗakin da ke jikin zauren ya fasa masa ƙofa ta waje, ya sayi ɗan janareta da injin caji, ya zama mai cajin batir. Mutanen Banga da Ɗan Isa da sauran ƙauyukan da wuta ba ta kai ba su ne abokan cinikinsa. Sukan ɗauro batirin mota a bayan keke, a cika musu, su koma su kunna talabijin ko rediyo. Da wayar hannu ta shigo gari, ya ƙara katako mai ramukan soket a jikin bango.

To, hali zanen dutse. Mudu ya bari a Moriki, amma hannun ya taho da shi. Batirin da ya cika da azahar sai ya bar shi kan wuta har la'asar, in ruwan ciki ya fara tafasa yana ƙwal-ƙwal, ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya ƙoshi. Yana kuma sayar da irin 'yar adaftar nan mai maɓallin murɗawa, wadda ake zaɓar ƙarfin wuta da ita daga uku har sha biyu. Idan rediyonka mai cin bolt shida ne, Armiya'u zai murɗa maka zuwa bakwai da rabi, ya ce ga gyara nan. Rediyo kuwa ya ɗauki murya rangaɗau, mai shi ya tafi yana sa albarka. In bayan 'yan watanni rediyon ya mutu, sai a taru a bakin shagon ana tsine wa kayan zamani, wai ba su da ƙarko. Armiya'u shi ne kan gaba wajen tsinuwar, kuma har ga Allah da zuciya ɗaya yake yi.

Wani abu da kowa ya san shi da shi bayan sakin hannu shi ne tambaya. Boko bai yi ba, amma lamba ba ta wuce shi, don ɗan awo ne, kuma duk lambar da ya gani sau ɗaya ta zauna. Ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. Ya taɓa ɓalle agogon bangon gidansa lafiyayye don kawai ya ga abin da ke yin ƙas-ƙas ɗin, ya kuma yini yana tsare wani ma'aikacin jirgi da tambayar yadda ƙarfe ke hawa kan ƙarfe bai zame ba. Yara kan ce in ka gaishe da Malam Armiya'u ka tanadi amsa uku. Shi kuwa cewa yake matambayi ba ya ɓata.

Autarsa Fauziyya ita ta ɗauko wannan hali. Ita ce kaɗai cikin 'ya'yansa ta yi nisa a karatu, har ta shiga babbar makarantar fasaha ta garin tana gidan mijinta. Mijin, Sufyanu, malamin firamare ne, shi ya yi ta maza ya sayo mata kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu daga Kano, baƙa mai nauyin tsiya, a lokacin da irinta a Ƙaura ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A cikinta take rubuta aikin kammala karatunta, kan yadda za a adana wake ƙwari ba su ci ba. Shekara guda ta yi tana zuba wake a jarkoki da tukwane da toka da barkono, tana buɗewa tana dubawa tana rubutawa. Wanda ya sayar da injin bai haɗo da abin sa faifai ba, saboda haka aikin ba shi da kwafi ko'ina a duniya. Ko bugawa a takarda sai ta ɗauki injin ɗungurungum ta kai shagon masu bugawa an haɗa shi da waya.

Wata Talata da hantsi Fauziyya ta shigo shagon ta ƙofar cikin gida, injin rungume ƙarƙashin hijabi, Yalwa na biye da ita. Ta durƙusa ta gaida uban, amma muryar ba tata ba ce.

"Baba, cajar ta ƙone. Jiya anka kawo wuta da ƙarhi, nij ji ƙara, sai wari."

"Shi injin hwa, Auta?"

"Shi lahiya lau shike, ba ya jikin wayar. Amma batirin ya kusa ƙarewa, shi yas sa nik kashe shi. Dut aikina shina ciki, Baba, kuma mako mai zuwa malaminmu yac ce a kai mishi. Sufyanu na Gusau wurin kwas. Na aika an zagaye gari, ba mai irinta."

Armiya'u ya ji tausayinta har cikin ƙashi, amma gaskiya ita ce wani ɓangare na zuciyarsa murna yake, don tun da aka sayo injin nan yake son a bar shi ya taɓa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya shinshina. A ƙarƙashinsa akwai 'yar takarda manne, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske: sha shida da harafin V, uku da rabi da harafin A. Ya duba bayan ƙonanniyar cajar, lambobin iri ɗaya. Ya sa Fauziyya ta zare masa batirin, nan kuma ya ga wasu lambobin daban, goma da ɗigo takwas, sai wata doguwa mai dubu huɗu da 'yan kai. Ya adana su a ka, ya ce ta mayar.

Sai ya jawo kwalin da yake tara tarkacen wayoyi. Ya gwada wannan bakin ya yi girma, wancan ya yi kaɗan, har ya ci karo da wata ƙatuwar adafta ta wani mataccen injin buga takarda da aka taɓa bar masa. Ya ɗora bakinta a ramin kwamfutar ba tare da ya sa ta a wuta ba, ta shige zuruf kamar don shi aka yi ta. Ya juya bayanta, ashirin da huɗu.

"Alhamdu lillahi," ya ce, fuskarsa ta washe. "Sha shidda shika so, ga ashirin da huɗu. Mudu da gyara nai. Da baƙo na sai in ce ya yi yawa, amma ke ɗiyata ta."

Ya miƙa hannu zai sa a soket. Fauziyya ba ta san komai game da bolt ba, ita wake ta karanta, kuma ba ta taɓa yi wa ubanta musu a kan wuta ba. Yalwa ce ta yi magana daga bakin ƙofa, ita ma ba don ta san bolt ba, don dai ta san mijinta.

"Malam, ko miya sai an ɗanɗana kahin a zuba ma baƙo. Gwada ta ga naka tukuna."

Nasa shi ne babban rediyo mai kaset da ke rataye a ƙusa bisa kansa, mai cin batir goma, wanda ya raka shi tun daga rumfar Moriki. Da shi yake jin labarun duniya da tafsirin azumi, kuma ko Yalwa ba ta isa ta murɗa shi ba. Ya sauko da shi yana dariya, ya duba bayansa, sha biyar. Ya ce ai sha biyar da sha shida 'yan gida ɗaya ne, bari su gani da idonsu. Ya cusa bakin adaftar, ya kunna.

Rediyon ya ɗauka da wata irin murya da bai taɓa yi ba tun yana sabo, 'yar fitilar gabansa ta haska kamar tauraro. Armiya'u ya waiwayo yana cewa kun ji ko. Bai rufe baki ba muryar mai labarun ta kumbura, ta karye, wani abu ya ce fat a ciki, sai hayaƙi siriri ya fara fitowa ta ramukan lasifika. Warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Ya fizge wayar, ya murɗa, ya bubbuga, ya sa batura, rediyo ya ce ban san zancen ba.

Da ya ɗago kai, abin da ya gani ya fi mutuwar rediyon ciwo. Fauziyya ta janye kwamfutar daga kan tebur ta mayar ƙarƙashin hijabi, ta rungume ta da hannu biyu, ta ɗan ja da baya. Ba ta ma san ta yi ba. Mutum ne da tun yana saurayi mutane ke matsowa kusa da hannunsa suna buɗe bakin buhu, yau ga 'yar cikinsa tana ɓoye masa abu. Kunya ta kama shi, da tsoro na abin da ya kusa aikatawa. Amma ƙarƙashin kunyar da tsoron akwai tambaya tana cizonsa, ita ce kuma ta hana shi cin tuwo ranar: ta yaya ƙari zai kashe abu?

Wani direba mai kawo masa cajin batir ya ba shi labarin wani mutum a kasuwar Shinkafi mai shimfiɗa tarkacen kayan wuta na gwanjo da ake shigowa da su ta iyaka. Ranar Alhamis tun da sassafe Armiya'u ya sa ƙonanniyar cajar a aljihun 'yar shara, ya ɗaure ƙugu da rawani saboda bayan, ya shiga mota. Kwamfutar bai ma nemi a ba shi ba, ya san amsar.

Ya same shi can bayan 'yan tireda, wani kakkauran mutum mai suna Mahmuda, mutumin wajen Maraɗi, zaune gaban tamfol da aka jibge wa wayoyi kamar kayan ciki. Ya yi shekaru yana aiki a shagon masu gyaran na'urori a can ƙasarsu, kuma bakinsa bai bar can ba, wuta kuran yake ce mata. Armiya'u ya yi sallama, ya zauna a gefen tamfol ɗin ba a ce ya zauna ba, ya ba shi labari tun daga farko, bai ɓoye rediyon ba. Mahmuda ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya nemi gafara ya karɓi cajar.

"Baba, lamba biyu ag ga nan, kuma ba uwa ɗaya ta haihe su ba. Wagga mai V ita ce ƙarhin turin kuran. Ka san yadda mata ka yi ma jinjiri ɗura? In anka tura mishi kunu da ƙarhi shaƙewa shikai, ko kunun ya hi zuma daɗi. To wagga ba a ƙari, ba a ragi. Sha shidda yac ce, sha shidda za a ba shi."

"To ita mai A ɗin hwa?"

"Ita yawan kunun da ac cikin ƙwarya ta. Ko masaki kab ba shi, abin da cikinai ka ɗauka shika sha, shi bar saura. Wagga kam ƙara mishi yadda kaka so."

Armiya'u ya matso. "In ƙwaryar ta yi kaɗan hwa?"

"Sai shi yi ta tsotso, cajar ta yi ta zahi, wata rana ta mutu ta bar ka."

Wani mai neman wayar rediyo ya zo ya tsaya, ya gaji ya wuce, don dattijon ya tare wurin. Armiya'u ya zazzago lambobin batirin daga ka, ya ce a warware masa wannan: in injin sha shida yake ci, don me batirinsa bai kai ko sha ɗaya ba? Wa ke cinye sauran?

"Ba mai cinyewa, Baba. Ruwa ba su hawan tudu, sai caja ta ɗara batir kahin ta iya cika shi. Cikin injin akwai mai rabo, shi ka karɓar sha shiddan shi rage ma batir daidai cikinai. Wanda yaƙ ƙera abin ya riga ya sa gyara nai ciki. In kaƙ ƙara bisa nashi, mai rabon ne ka hwara ƙonewa."

Armiya'u ya tafa hannu. Ashe maƙerin ma ɗan awo ne! Daɗi ya kama shi kamar ya haɗu da ɗan garinsu a baƙon wuri. Ya tambayi dubu huɗun, Mahmuda ya ce wannan girman rumbun batirin ne, yawan wutar da zai iya ajiyewa, amma lambar ranar da aka ƙera shi ce. Tsohon batir lambarsa na nan, cikinsa ne ke raguwa, shi ya sa na 'yarsa ba ya daɗewa. Ya tambayi wani ɗan zane mai kama da ido da ke ƙasan lambobin, da alamar tarawa a gefe guda da ta ɗebewa a ɗaya gefen. Mahmuda ya ce ai wannan shi mai cajin batir ya fi shi sani, ja da baƙin batirin mota ne, zanen yana nuna wanne ke tsakiyar bakin waya, wanne ke bayansa. In aka juya su, ko bolt ya yi daidai an yi ɓarna.

Suka shiga tonon tarin. Masu sha tara sun fi yawa, da dama kuma bakinsu daidai yake da na ƙonanniyar. Armiya'u ya ɗauki ɗaya ya juya ta, sha tara da sha shida, tsakaninsu ɗan tafi guda. Ya ji hannunsa na ƙaiƙayi. Ya ajiye ta can nesa da shi. Aka sami mai sha shida guda, amma amfiyarta, wato lambar mai A, biyu ce, ƙwaryar ta yi kaɗan. Sai can ƙasa Mahmuda ya zaro wata mai ƙura, sha shida cif, amfiya huɗu da rabi, zanen idonta iri ɗaya da na tsohuwar. Aibinta ɗaya, bakinta ya yi ƙato, ba zai shiga ba.

"Wagga da ta ƙi shiga ita ce taka," in ji Mahmuda. "Ka iya dalma?"

"Na iya."

"To yanke bakin tsohuwar ka ɗaura mata. Amma ka auna kahin ka sa, Baba. Kana da mita?"

Yana da ita, 'yar na'urar auna wuta mai allura. Tun ranar da ya buɗe shago ya saye ta, tana nan cikin kwalinta, don a ganinsa allura ba za ta gaya masa abin da kunnensa bai ji ba.

A hanyar komawa motar ta tsaya Moriki sauke fasinja. Ta taga ya hango rumfunan 'yan awo, wani yana ɗebo gyara da tafi yana zuba wa wata tsohuwa. Can ba a yi kuskure ba, gero ba ya shaƙe buhu. Amma da motar ta tashi sai rediyoyin mutanen Banga da Ɗan Isa suka riƙa zuwa masa a rai ɗaya bayan ɗaya, da batiran da suka kumbura, da shi kansa zaune bakin shago yana jan tsinuwa. Ya yi istigfari a hankali. Mutumin da ke kusa da shi ya tambaye shi ko bayan ne, ya ce a'a, wani wurin ne.

Washegari bayan an sauko Juma'a ya aika aka kira Fauziyya. Babu wutar gari, sai ya tada janareta. Ta zauna a tabarma daga ƙofar ciki, injin a cinyarta, Yalwa tsaye bayanta. Ya yanke bakin tsohuwar cajar, ya fere wayoyin, ya duba zanen, ya sake dubawa, ya haɗa ta tsakiya da ta tsakiya, ta baya da ta baya, ya ɗiga dalma ya naɗe da salatif. Sannan ya fito da mitar daga kwali, ya hure ƙurarta, ya sa cajar a wuta ya ɗora mata tsinkayen. Allurar ta tashi ta gefen da ya kamata, ta yi rawa kaɗan, ta tsaya kan sha shida. Ba ta haura ba ko da ƙwayar gero. Ya daɗe yana kallonta, don a idonsa mudu ne da aka shafe wa baki.

Ya juya mitar ya nuna wa Fauziyya, ya bayyana mata V da A da zanen ido kamar yadda aka bayyana masa, har da ɗurar. Sannan ya miƙa mata bakin wayar.

"Ungo, Auta. Sa da hannunki."

Ta dube shi, ta dubi wayar. Ta san abin da ya sa ya ce haka. Sai ta tashi, ta ɗora injin a kan teburinsa, ta juya ramin ya fuskance shi, ta koma ta zauna ta naɗe hannuwanta cikin hijabi.

"Kai za ka sa, Baba."

Ya kai bakin wayar wurin ramin. Ya yi bisimilla ya tura. Ba ƙara, ba wari. Wata 'yar fitila mai ruwan lemo ta kama a gefen injin, ƙanƙanuwa, ba ta kai rabin hasken da rediyon ya yi kafin ya mutu ba. Fauziyya ta matso ta buɗe, ta danna, suka jira injin ya gama ƙugi da kiftawarsa. Sai ga rubutu ya cika fuskar, da jerin jarkoki da tukwane da ranakun da ta buɗe su. Ta sa tafin hannu ta rufe fuska. Yalwa ta ce alhamdu lillahi, ta juya cikin gida da sauri wai ta bar tukunya a wuta.

Armiya'u ya taɓa cajar da bayan hannu, ɗumi kaɗan. Ya leƙa fitilar. Abin ya yi masa daɗi, amma kuma ya ji hannunsa wayam, kamar wanda ya sallami baƙo bai raka shi ba.

"Ya ishe shi kuwa?"

"Ya ishe shi, Baba."

"Ba shi son ƙari?"

"Ba shi so."

Ya koma kan bencinsa ƙarƙashin ƙusar da babu komai a jikinta. Da can a irin wannan lokaci rediyo ke cika shagon, yau sai ƙarar janareta daga waje da ƙas-ƙas ɗin yatsun 'yarsa. Ya zauna yana saurare, tambayoyi cike da bakinsa game da inda rubutun ke kwana in an kashe injin, amma ya haɗiye su don kada ya katse ta. Dokarsa ce tun da ya buɗe shago, da rana ta yi ja yake kashe janareta, ko batirin wa ke kai, don fetur ba ruwan rijiya ba ne. Fauziyya ta san dokar. Da ta ga inuwa ta kai bakin ƙofa sai ta adana aikin, ta kama murfin za ta rufe.

"Na kai inda nika so yau, Baba. A kashe."

Armiya'u bai motsa daga bencin ba. Ya ɗaga tafin hannunsa, kamar yadda yake yi wa mai ɗaure bakin buhu a Moriki.

"Dakata," ya ce. "Ƙara rubuta shahi guda."